Me ya sa nas ke jinkirin zuƙe majinar maras lafiya?

Cikin ƙorafin da 'yan zaman jinya ke komawa da shi gida, a Aboabo ne ko Asawase ko Sawaba, unguwannin Kumasi ta Ghana, akwai wanda kalmominsa kusan ba sa canzawa: "Muna jin maƙogwaron Baba na ƙara, mun kira Madam ta zo ta zuƙe masa, sai ta dubi inji ta ce a ɗan dakata." Wani lokaci kuma ta zo ɗin, ta zura tiyo, kafin ka ce me ta zare, alhali kowa na jin da saura. A idon ɗan'uwa, wannan in ba ganda ba ce to rashin tausayi ne. Ganda akwai ta a asibiti kamar yadda take a kowace sana'a, ba na musu. Sai dai a wannan aikin musamman, nas ɗin da ta tsaya ta dubi inji, ta kuma yi hanzarin zare tiyo, galibi ita ce ta san abin da take yi. Wadda za a ji wa tsoro ita ce mai zura tiyo har ƙurya ta tsaya tana lalube sai ta ga ta kwashe komai.

Dalilin shi ne tiyon ba majina kaɗai yake ja ba. Yana kwashe iskar da ke cikin huhu, kuma yana taɓa wurin da ke da hannu kai tsaye a kan bugun zuciya.

Lafiyayyen mutum bai san yana yin majina a ƙirji ba. Hanyar iska tun daga hanci har cikin huhu shafe take da ɗan yauƙi mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta, a ƙarƙashinsa kuma akwai gashi ƙanana da ido ba ya gani, suna ta turo shi sama dare da rana har ya iso maƙoshi a haɗiye. In ya yi yawa sai tari ya fitar da shi. Shi kuwa tari yana da ƙa'ida: mutum ya ja dogon numfashi, ƙofar maƙogwaro ta rufe, tsokar ciki da ta ƙirji su matse, sannan ƙofar ta buɗe farat ɗaya. Da zarar an saka wa mutum bututun numfashi, ta baki ne ko ta hudar wuya, an lalata wannan tsari ta fuska uku. In ta baki ne, bututun ya tokare ƙofar a buɗe, in ta wuya ne ya kewaye ta, ko ta yaya tarin ya rasa ƙarfinsa. Iskar da ke shiga ba ta bi ta hanci ba, balle ya ɗumama ta ya jiƙa ta, don haka majinar takan bushe ta yi danƙo. Shi kansa bututun baƙo ne a jiki, jiki kuma yakan amsa masa da ƙarin majina. In aka bar ta, sai ta toshe bututun ko ta zauna a huhu ta zama ciwon nimoniya. Saboda haka zuƙewar dole ce, ba a kanta ake gardama ba.

Masu wannan hali ba kaɗan ba ne a Kumasi. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, shi ne ke karɓar marasa lafiyar da aka turo daga yankin Ashanti da wasu yankuna da dama: wanda babur ko pragya, wato keke mai ƙafa uku, ya kayar ya bugu a kai, dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki har haɗiya ta gagare shi, mai ciwon tetanus, wanda aka yi wa babbar tiyata. Haka abin yake a Korle Bu da ke Accra, inda cibiyar tiyatar zuciya ta ƙasa take tun 1989. Kusan dukansu wata rana za a tsaya a kansu da tiyo, kuma mai tsayawar yawanci nas ce, ba likita ba. Maza ma suna wannan aiki sosai, amma zan ci gaba da cewa ita.

Mu fara da iska. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Bayan mutum ya fitar da numfashi akwai ragowar iska da ke zama a huhu, ita ce ke ci gaba da ba jini oksijin tsakanin numfashi da numfashi, ita ce kuma ke hana ƙananan jakunkunan huhu mannewa. Wannan ragowar ce injin zuƙa ke ja. Ga wanda ke kan na'urar numfashi, in aka cire shi daga na'urar don a zura tiyo, asara biyu ce: an tsayar da abin da ake ba shi, an kuma kwashe ajiyarsa. Huhun da ke da ciwo dama ajiyarsa kaɗan ce.

Daga nan ne ƙa'idojin da ake koyar da nas suka samo asali, kuma kowannensu lissafi ne ba al'ada ba. Kada tiyo ya wuce daƙiƙa 15 a ciki, da yawa ma a kan 10 suke tsayawa. Kada kaurinsa ya wuce rabin faɗin cikin bututun. Lambar da ke jikin tiyon in ka raba ta uku ita ce kaurinsa a milimita, wato lamba 12 milimita 4 ke nan, daidai rabin bututu mai lamba 8 da ake yawan saka wa manya. Kan tiyon ma launi-launi ne don kada a ruɗe: baƙi lamba 10, fari 12, kore 14. In aka zura babban tiyo a ƙaramin bututu, iskar waje ba za ta sami gefen da za ta bi ta maye gurbin wadda ake ja ba, sai injin ya koma yana tsotse huhun kansa. Ƙarfin jan ma da iyaka. Jagorar da ƙungiyar masu kula da numfashi ta Amurka ta fitar a 2010 ta ce ƙasa da 150 a ma'aunin mmHg ga babba, 80 zuwa 100 ga jariri. Nas takan toshe bakin tiyon da yatsa ta ga inda allurar injin ta tsaya kafin ta kusanci maras lafiya. Akwai jarabar ƙure injin in majina ta yi tauri. Ba ya taimakawa. Bakin tiyon sai ya manne wa fatar cikin maƙogwaro ya yage ta, a ga jini, majinar kuma na nan. Maganin majina mai tauri shi ne danshi a iskar da ake ba shi da isasshen ruwa a jiki.

To ina zuciya ta shigo? Zuciya da lantarkinta take aiki. A saman ɗakinta na dama akwai wata 'yar tarin ƙwayoyi da ke tayar da bugu sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum da ke hutawa. Saƙon ya ratsa ɗakunan sama biyu, ya ɗan tsaya a wata mahaɗa, sannan ya sauka ɗakunan ƙasa biyu masu tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Saurin wannan bugu yana hannun jijiyoyi iri biyu, kamar totur da birki a mota. Totur su ne jijiyoyin da ke tashi in mutum ya firgita ko ya ji zafi, tare da sinadarin adrenalin. Birki kuwa jijiya ce da ake kira bagus, ta goma a jerin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, mai saukowa ta wuya zuwa ƙirji da ciki. A nan gizo ke saƙa, domin wannan jijiyar ce kuma ke ɗauke da jin taɓi na maƙogwaro da bututun iska. Wurin da ya fi ko'ina ji shi ne inda bututun iska ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama ɗaya na hagu. In bakin tiyo ya dungure wannan mararraba, an taka birki. Bugun da ke 90 na iya faɗowa 40 cikin 'yan daƙiƙu, a wasu ma zuciyar ta ɗan tsaya cak.

Wannan hanya ɗaya ke nan. Ta biyu ita ce ƙarancin oksijin. Tsokar zuciya ba ta jure yunwar oksijin. Da fari sai ta ƙara sauri, sannan wasu ƙwayoyi a ɗakunan ƙasa su fara harba bugu na kansu ba tare da jiran umarni daga sama ba. In abin ya ci gaba sai ta yi sanyi ta tsaya. Ta uku ita ce zafi da tsoro. Waɗanda suka farfaɗo daga ɗakin kulawa ta musamman sukan ambaci zuƙe majina cikin abubuwan da suka fi azabtar da su, kuma azaba tana ɗaga hawan jini da saurin zuciya. Sau da yawa duka ukun a lokaci guda suke faruwa, an taka totur da birki tare, kuma zuciyar da ke da rauni ba ta iya ɗaukar wannan ja-in-ja.

Ba sabon sani ba ne. Tun 1969 wani bincike a Amurka ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin uku na marasa lafiyar da aka zuƙe wa majina suna shaƙar iskar ɗaki sun sami rikicewar bugu, amma da aka fara ba su tsantsar oksijin kafin a zura tiyo, ba a ga rikicewar ba. Shi ya sa ake ƙara oksijin na daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin a fara. Wannan ɗan jiran, wanda ɗan'uwa ke gani kamar ɓata lokaci, shi ne rabin aikin.

Haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa, kuma nas ta gari kafin ta ɗauki tiyo ta riga ta san wanda ke gabanta. Wanda ya fi kowa tayar da hankali shi ne wanda ya karye a wuya laka ta taɓu. Jijiyoyin totur daga laka suke fitowa, a daidai saman baya, don haka raunin da ke wuya ya datse su daga ƙwaƙwalwa. Ita kuwa bagus ba ta bin laka, hanyarta daban, tana nan lafiya lau. An bar mutum da birki babu totur. Ga shi tsokar ƙirjinsa da ta cikinsa sun shanye, ba ya iya tari, wato shi ne ya fi kowa buƙatar a zuƙe masa, shi ne kuma ya fi kowa kasa jurewa. A makonnin farko na raunin, irin waɗannan zuciyarsu na iya tsayawa a kan zuƙa ɗaya. Allurar atrofin, mai sassauta rikon bagus, a gefen gadonsu ake ajiye ta, wani lokaci ma likita kan rubuta a yi ta kafin a fara.

Mai rauni a kai matsalarsa daban ce. Tarin da tiyo ke jawowa yana ƙara matsi a cikin ƙoƙon kai, inda ƙwaƙwalwa ta riga ta kumbura. Ana ɗaga kan gadonsa kimanin digiri 30, a miƙe wuyansa, a taƙaita zurawa. In ana zaton ƙashin gindin kai ya tsage, ba a bi ta hanci ko kaɗan. Mai tetanus kuma taɓi kaɗan ke tayar masa da sandarewa, bugunsa na hawa yana sauka ba tsari. Sai wanda ya sha ko ya shaƙi wasu magungunan feshin ƙwari na gona. Wannan guba tana cika huhu da ruwa tana kuma rage bugu, kuma ko kwana za a yi ana zuƙa ba za a cim mata ba sai atrofin ya busar da tushen.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani sai a takardar gwajin jini. Fotashiyam, wani sinadari da lantarkin zuciya ya dogara da shi, a jini tsakanin 3.5 da 5 ya kamata ya zauna. Lasix, maganin sa fitsari da ake ba masu kumburi da ciwon zuciya, yana zubar da shi. Haka amai da gudawa. Ventolin da ake turara wa masu toshewar ƙirji yana rage shi a jini, yana kuma ƙara saurin zuciya. In fotashiyam ya yi ƙasa, lantarkin zuciya na zama mai saurin harzuƙa, abin da wani zai jure shi sai ya jefa shi cikin mummunan bugu. In kuma ƙoda ta gaza, sai ya yi yawa, wanda shi ma kisa ne. Mai shan digoksin, wani maganin ciwon zuciya, in yana da ƙarancin fotashiyam yana bakin rami. Shi ya sa ake koya wa nas ta ɗora abin saurare a ƙirji ta ƙirga bugu na cikakken minti ɗaya kafin ta ba da digoksin, in ya gaza 60 ta riƙe maganin ta sanar da likita. Duk wannan yana cikin kan nas lokacin da ta ce a ɗan dakata.

Wani abin da ya sauya shi ne zuƙa bisa agogo. Da, a wurare da yawa, duk bayan awa biyu ake bi gado-gado, da buƙata ko babu. Yanzu koyarwar ita ce a zuƙe in akwai alama: an ga majina a bututu, an ji gurgurarta da abin saurare a kan maƙogwaro, matsin na'urar numfashi ya hau, layin da ke allonta ya yi haƙora-haƙora, lambar oksijin ta fara sauka, maras lafiya na tari ko ya kasa natsuwa. In babu ko ɗaya, zura tiyo ɗaukar kasada ne a banza. In akwai, sai ta wanke hannu, ta sa safar hannu mai tsabta, ta yi wa maras lafiya magana ko da bai farka ba: "Alhaji, zan share maka maƙogwaro, za ka ji tari, yanzu zan gama." Ba a san iyakar abin da wanda ke cikin suma ke ji ba, wanda ke farke kuwa gargaɗin na rage masa firgici. Tana zurawa ba tare da ja ba, iya tsawon bututun, ba sai ta ji ta dunguri wani abu ba. In ta dungura, ta ɗan janyo da santimita ɗaya ko biyu kafin ta ɗora yatsa a kan ramin da ke kunna jan. A fitowa kawai ake ja. Sannan a mayar da oksijin, a jira bugu da lamba su koma inda suke. Sau biyu, in ya yi yawa uku, sai a bari ko da akwai saura.

Wasu malaman jinya na da sukan ce wa ɗaliba ta riƙe numfashinta lokacin da ta zura tiyo, in ta ji ta matsu to ta zare. Dabara ce mai sa tausayi a zuciyar ɗaliba, amma ma'auni ne mai yaudara. Budurwa mai lafiyayyen huhu za ta yi daƙiƙa 30 ba ta ji komai ba, kuma ita ba a tsotse mata iska. Ƙirga ya fi.

Haka nan ɗiga ruwan gishiri a cikin bututu don wai ya narkar da majina. Al'ada ce da ta daɗe, har yanzu ana ganinta. Ruwan ba ya gaurayuwa da majinar, yana rage oksijin na ɗan lokaci, yana kuma iya wanke ƙwayoyin cutar da ke manne a bututu ya kai su ƙasa. Jagorar 2010 ɗin nan ta ce kada a mayar da shi abin yi kullum. Abin da ya fito a tiyo shi ma labari ne da za a rubuta: fari ne, ko ya koma rawaya ko kore, ko da jini. In kumfa ce mai ruwan hoda, wannan ruwa ne ke tsattsafowa daga jini zuwa huhu, sau da yawa saboda zuciya ta gaza, kuma zuƙa ba ta ƙarar da shi. Likita ake kira.

Hannu na kan tiyo, ido na kan allo. In bugu ya faɗi a daidai lokacin da tiyo ya shiga, lambar oksijin ba ta motsa ba, wannan bagus ce. In sai daga baya ne, tare da saukar lamba, yunwar oksijin ce. Ko wacce ce, matakin farko ɗaya ne: a zare tiyo, a ba da oksijin. Mafi yawan lokuta wannan kaɗai ya isa, bugu ya dawo cikin minti. In bai dawo ba, jini ya sauka, jiki ya yi sanyi, sai atrofin, rabin miligiram zuwa ɗaya, a maimaita har iyakar 3. Bugun ƙasa da ke tsalle jefi-jefi ba abin ruɗewa ba ne, amma in suka fara jeruwa, ko suna zuwa da siffa daban-daban, gargaɗi ne. Gaba da su akwai gudun ɗakunan ƙasa, sai karkarwarsu, inda zuciya ke rawa kawai ba ta tura jini. Waɗannan biyun, in babu bugu a wuya, su ne ake bugawa da na'urar lantarki. Layin da ya miƙe ɗoɗar ba a buga shi, duk da abin da ake nunawa a fim. Danna ƙirji ake yi, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, da adrenalin miligiram 1 kowane minti 3 zuwa 5. Kafin duk wannan, a dubi mutumin. Tari da motsi, ko wayar na'urar nuna bugun zuciya da ta saki daga ƙirji, suna zana abin tsoro a allo alhali mai gadon na kallonka.

Ba kowane gado ke da allo ba. A ɗakunan kwanciya na gama-gari, da asibitocin gundumomi, sau da yawa abin da ke akwai shi ne ɗan abin matsa yatsa mai nuna oksijin, in ma akwai shi. Amfaninsa babba ne, amma yana da lahani da ya shafe mu. Lambarsa na iya makara da rabin minti ko fiye, musamman in yatsa ya yi sanyi. Baƙin lalle da jan farce na iya rikita shi. Wani bincike da aka yi a Michigan ta Amurka, aka buga a 2020, ya gano cewa a tsakanin baƙar fata, na'urar ta nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa kusan ninki uku na yadda take yi ga farar fata. Littattafai kuma na cewa a duba ko fata ta yi shuɗi, alamar da a fatarmu ba a gani sai a harshe da dasashi da cikin leɓe. Saboda haka yatsa a kan jijiyar hannu bai tsufa ba. In bugun ba ya tafiya daidai, kamar na masu karkarwar ɗakunan sama, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka huɗu ƙarya zai bayar. Sai cikakken minti.

Jarirai sun fi kowa saurin amsa wa bagus, kuma a nan ne aka fi daɗewa ana wuce gona da iri da kyakkyawar niyya. Shekaru da yawa kowane jariri da ya faɗo sai an zura masa tiyo a baki da hanci. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da ya fito yana numfashi da kansa, ruwan haihuwarsa garau, ba a zuƙe masa. A goge shi, a ɗumama shi, a ɗora wa uwa. Zuciyar sabon jariri tana bugawa wajen 120 zuwa 160, in ta sauka ƙasa da 100 akwai matsala, kuma abin da yake buƙata a minti na farko iska ce a hura masa a huhu. Ungozomar da ta tsaya lalube da tiyo ta jinkirta iskar, ta kuma rage bugun da hannunta. In baki da hanci sun cika da gaske, a fara da baki, sama-sama, da ɗan abin matsawa.

Akwai kuma ƙarar da tiyo ba ya magani, kuma ita ce ta fi jawo saɓani tsakanin iyali da ma'aikata. Mutumin da ajalinsa ya kusanto yakan daina haɗiye yawu, iska na wucewa ta cikinsa, sai a ji gargara. Ƙarar na sukar zuciyar 'ya'ya, su roƙi a zuƙe. Ruwan yakan sake taruwa nan da nan, zurfafa tiyo kuma azaba ce ga wanda ake fata ya cika cikin natsuwa. Abin da ake yi shi ne a juya shi a gefe, a ɗan ɗaga kansa, a share bakinsa a hankali, a bar iyali su matso su laƙƙana masa kalmar shahada. Sai dai hukuncin cewa an kai wannan mataki na likita da nas ne. Laifin ma'aikata a nan, in akwai, shi ne rashin zama su yi wa iyali bayani da yaren da suke ji. Shirun ne ke haifar da labarin "sun ƙi taɓa shi".

Bayani kuwa yana son lokaci da hannu, duka biyun sun yi ƙaranci. Zuƙa ga wanda ke cikin haɗari aikin mutum biyu ne, ɗaya na riƙe da tiyo, ɗaya na kula da oksijin da bugu. A 2022 kaɗai ma'aikatan jinya fiye da 1,200 daga Ghana suka shiga rajistar aiki ta Birtaniya, kuma ba sababbin hannu ne suka fi tafiya ba. Ɗan zaman jinya ba zai cike wannan giɓi ba, amma yana iya zama ido. Maimakon "zo ki zuƙe masa", abin da ke sa nas ta ajiye abin da ke hannunta shi ne bayani: "Madam, lambar ta sauka daga 96 zuwa 90", ko "yana gumi, ƙirjinsa na lotsawa", ko "ƙarar ta canza, ta koma fito". Fito a bututu ya fi gurgura muni, alama ce hanya ta kusa toshewa.

Wasu da bututun wuyansu ake sallamo su, tiyon ya koma hannun mata ko ɗa a gidan haya a zango. Kada a yarda a fito sai wanda zai yi jinyar ya zuƙe da hannunsa a gaban nas har ta gamsu, ya san lambar tiyo, ya san iya inda zai zura, ya iya cire bututun ciki, wato ƙaramin da ke cikin babban, ya wanke. Injin da ke aiki da wuta kaɗai bai isa ba a ƙasar da ta san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, sai da na hannu ko na ƙafa a ajiye. In hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, majina na bushewa ta daskare, don haka a ƙara ruwan sha in likita bai hana ba, a rufe ramin da ƙyalle mai ɗan danshi, ba auduga ba, domin zarenta na shiga. In ana cikin zuƙa mutum ya yi yaushi, ko idonsa ya juye, a zare nan take. In numfashi ya gagara kuma tiyo ya ƙi wucewa, bututun cikin ake fara cirewa, domin galibi a nan toshewar take. Lambar motar asibiti 112 ce, kuma a faɗa musu tun a waya cewa ta wuya yake numfashi. A kan ramin wuyan ake ɗora oksijin. Wanda aka cire wa maƙogwaro gaba ɗaya saboda ciwon daji, duk iskar da aka hura masa ta baki ko ta hanci ba ta isa huhunsa.